Wakili da dillalin inshora: kowa da wanda yake tsaya wa

Ɗana, ka tambaya me ya raba wakili da dillali tunda duk inshora suke sayarwa. Dubi wanda kowannensu yake tsaya wa.

Wakili, wanda ake ce wa ejan, mutumin kamfani ne. Hajar kamfanin da ya naɗa shi yake tallatawa, da izinin NAICOM, hukumar da ke kula da harkar inshora a Najeriya. Dillali kuwa na mai saye ne. A ce mai tirela uku da ke kai albasa Legas daga Sakkwato ya zo masa. Zai zaga kamfanoni ya karɓo farashi, ya karanta abin da kowace takarda ta ce ba ta biya, sannan ya ba shi shawara. Ranar da mota ta faɗi, shi zai bi masa diyya. Duk da haka la'adarsa daga kamfani take fitowa; tsohuwar dokar inshora ta 2003 ta ce kada ta wuce kashi 12.5 cikin ɗari a inshorar mota. Dillanci ba a faɗa masa da ka: sai da rajistar NCRIB, majalisar dillalan inshora, da lasisin NAICOM, da inshorar da za ta biya idan shawararsa ta jawo wa mutum asara.

Ma'aikacin talla ɗan albashi ne, an yanka masa adadin cinikin da zai kawo.

Akwai biyu da ba sa sayarwa, amma cinikinka na hannunsu. Mai tantance haɗari shi ke cewa a karɓa ko a ƙi, ya yanke farashi. Mai kimanta asara sai bayan gobara ko hatsari yake zuwa. Don haka kada bakinka ya riga nasu. Ka ce wa ɗan kasuwa "komai za a biya", alhali takardarsa ta gobara ce kawai, ambaliya ta zo ta cinye shagon, kai za a riƙe.

Sai maganar kuɗi. Doka ta ce ba biya, ba kariya. Inshorar mota ta dole naira 15,000 ce ga motar gida tun Janairun 2023, tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3. Wanda ya sayar da ita ƙasa da haka, a duba lambar motar a NIID, rumbun bayanan inshora na ƙasa, sau da yawa takardar bogi ce.

A nan garin, kafin farashi za a tambaye ka halaccin abin. Ka koyi takaful, wato inshorar Musulunci, da kyau: muƙaman ba su canza ba, sai dai kuɗin gudummawa ce cikin asusun mahalarta, kamfani yana kula da shi a kan lada.