Tambaya da Amsa: Direba na Duba Waya, Mai Babur na Gabansa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni manomi ne a wani ƙauye na ƙasar Gaya. A watan jiya ƙanena ya ɗora buhun gero a babur zai kai kasuwar Wudil ranar Juma'a, yana tafiya a hannunsa, sai wata ƙaramar motar haya ta buge shi ta baya, cinyarsa ta karye. Fasinjojin motar da bakinsu suka shaida cewa direban yana duba waya ne a lokacin. Manya sun zauna, an ce ƙaddara ce, a yi haƙuri, kuma mun yi, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin ɗan duba waya yana iya jawo irin wannan? Kuma mene ne mai babur zai yi, tunda laifin ba nasa ba ne?
Daga wani mai karatu a Gaya, Jihar Kano.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah Ya ba ƙanenka lafiya, Ya sa kaffara ne. Ƙwarai kuwa yana jawowa, kuma lissafin abin ba mai wuya ba ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowane sakan, saboda haka direban da ya sunkuyar da kai na sakan biyar domin karanta saƙo ko neman lambar wani ya yi tafiyar da ta haura mita 100, wato tsawon filin ƙwallo da ɗoriya, ba tare da ya ga abin da ke gabansa ba. Idan babur mai kaya yana tafiyar kilomita 40 a awa, kuma tazarar mita 50 ce tsakaninsa da motar lokacin da direban ya ɗauke ido, to kafin sakan biyar ɗin su cika motar ta riga ta cim masa. Ko birki ba zai samu damar takawa ba.

Matsalar kuma ba a ido kaɗai ta tsaya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa direban da ke amfani da waya ya fi wanda ba ya yi yiwuwar yin haɗari da kusan ninki huɗu, kuma maƙala abin saurare a kunne ko sa wayar a lasifika bai rage haɗarin wani abin kirki ba, domin hankalin mutum ne yake tafiya wajen maganar. Direban da ke cinikin tumaki ta waya, ko yake jayayya da mai motar kan kuɗin da zai kawo da yamma, idonsa a buɗe yake amma ba ya gani. A irin wannan hali abin da ya fi saurin ɓace masa shi ne babur, saboda idon direba ya saba neman manyan abubuwa kamar tirela da bas, shi kuwa babur siriri ne, yana da wuya a kintaci nisansa da gudunsa ko da an natsu. Sannan idan aka yi karo, direba yana cikin ƙarfe, mai babur kuwa jikinsa ne yake karɓar bugun.

Game da ƙaddara, babu Musulmin da ke jayayya da ita, amma ina ganin mun mayar da ita mafakar masu sakaci, kuma wannan yana ci mini tuwo a ƙwarya. Addinin da ya koya mana yarda da ƙaddara shi ne ya ɗora wa wanda ya kashe mumini bisa kuskure diyya da kaffara, kamar yadda ya zo a Suratun Nisa'i, aya ta 92, har da azumin wata biyu a jere ga wanda bai sami abin 'yantawa ba. Idan kuskure zalla yana da wannan nauyi, ina ga mutumin da ya ɗauki rayukan jama'a a mota, ya kuma zaɓi ya sa ido a kan waya? Dokar ƙasa ma ta hana, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana cin tarar wanda ta kama yana waya a kan tuƙi. Yafiyar da kuka yi alheri ce, Allah Ya ba da lada, sai dai ya kamata zaman sulhu irin wannan ya ƙunshi kuɗin magani, ya kuma ƙunshi sanar da shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar da yake lodi, domin direban da ya tashi daga zaman ba tare da ya ji a jikinsa ba gobe ma zai ɗauki wayarsa.

Shi kuwa mai babur, shawarata gare shi ita ce ya hau kwalta da zaton cewa babu direban da ya gan shi. Wannan zaton shi ne zai sa ya mayar da madubansa biyu, waɗanda samari da yawa ke kwancewa tun ranar da aka sayo mashin ɗin wai don ado, alhali wanda ba shi da madubi bai san abin da ke tahowa bayansa ba sai ya ji shi a jikinsa. Shi ne zai sa ya gyara fitilar baya, ya kuma tabbatar buhu ko damin kara bai rufe ta ba. Na sha ganin babura tsakanin magariba da isha a hanyoyin karkara ba fitilar baya, mai tuƙin sanye da baƙar riga, kuma wallahi ko direban da ya natsu ba ya hango irin wannan sai ya zo daf da shi. A lokacin hunturu, da hazo ke rufe hanya, a kunna fitilar gaba ko da rana tsaka ce, a kuma sa tufa mai haske.

Direban da hankalinsa ya rabu yana da alamomi. Motarsa tana karkata zuwa gefe sannan ta dawo da sauri, tana rage gudu ba dalili sannan ta ƙara, kuma idan ka lura za ka ga kansa a sunkuye. Wanda ya ga haka a madubi ya sauka gefen titi ya ba shi hanya, domin asarar minti ɗaya ba ta kai ta ƙafa ba. A mararraba, da wurin da hanyar ƙauye ta haɗu da kwalta, a tsaya cak a duba hagu da dama, kada a dogara da siginar mota, domin wani ya manta ta a kunne, wani kuma zai juya bai kunna ba. Kada kuma a jera da tifa ko tirela. Idan ba ka hango fuskar direbanta a madubinsa ba, shi ma bai gan ka ba.

Tambaya: Malam, ɗana yana acaɓa tsakanin ƙauyenmu da Ringim, da shi muke ci. Na yi na yi ya sayi hular kwano ya ƙi, wai zafi take yi, kuma abokansa za su yi masa dariya. Kullum kuma abin sauraren waya yana kunnensa. Yaya zan yi da shi?
Daga wata uwa a Ringim, Jihar Jigawa.

Amsa: Inna, Allah Ya shirya mana zuri'a, kuma kina da gaskiya. Tun Janairun 2013 aka hana haya da babur a birnin Kano, amma a karkarar Kano da Jigawa babur ne ke kai mai naƙuda asibiti, shi ke kai amfanin gona kasuwa, saboda haka ba zan ce ya bar sana'arsa ba. Sai dai ki gaya masa cewa ƙashin hannu ko na ƙafa ana ɗora shi ya warke, ƙwaƙwalwa kuwa idan ta taɓu ba ta da ɗori. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai inganci, idan an sa ta daidai, tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida, tana kuma rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da har kashi 74 cikin ɗari.

A lura da cewa an ce mai inganci, kuma an sa ta daidai. Lokacin da aka fara tilasta sa hular a Najeriya a farkon 2009, an ga masu babur da suka kifa ƙwarya a ka don guje wa kamu, kuma har yau wasu hular leburorin gini suke sawa, wadda ba don faɗuwa daga babur aka yi ta ba. Ya nemi wadda ke da soso mai tauri a ciki da ƙofofin shan iska, wadda ta kama kansa, kuma ya riƙa ɗaure igiyarta a haɓa, domin wadda ba a ɗaure ba tana tashi kafin kai ya taɓa ƙasa. Wadda ta taɓa shan mummunan bugu a sake ta ko da ba a ga tsagewa ba. Batun abin saurare kuwa, ya cire shi. Kunnensa ne ke sanar da shi motar da ke tahowa kafin ya gan ta, kuma mai babur da ke amsa kira yana tuƙi da hannu ɗaya bai da bakin zargin direban mota. Idan fasinja ya kira, ya tsaya a gefe ya amsa. Idan maganarki ba ta shiga ba, ki haɗa shi da kawunsa ko shugaban 'yan acaɓan tasharsu, domin dariyar abokai yake tsoro, kuma daga cikinsu gyaran zai fi saurin zuwa.

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne, duk Alhamis ina shiga motar haya zuwa Maigatari. Direbobi suna waya muna gani, amma kowa sai ya yi shiru. Shin wuce gona da iri ne in yi magana? Kuma idan aka buge mai babur a gabana, me zan fara yi?
Daga wani mai karatu a Gumel.

Amsa: Alhaji, ba wuce gona da iri ba ne, haƙƙinka ne, domin ranka yana cikin motar. Ka yi masa magana da ladabi, ka ce, "Direba, don Allah kawo in amsa maka, ko ka tsaya ka gama," kuma sau da yawa da zarar mutum ɗaya ya buɗe baki sauran fasinjoji suna mara masa baya.

Idan haɗari ya auku, a fara tsayar da motocin da ke tahowa kada a sake bi ta kansa, sannan a kira lambar gaggawa ta Hukumar Kiyaye Haɗurra, wato 122. Kada a ciccibe shi ta hannu da ƙafa kamar yadda aka saba, domin idan wuya ko gadon baya ya taɓu, irin wannan ɗauka tana iya shanye masa jiki har abada. Mutum ɗaya ya riƙe kansa kada ya motsa, idan kuma dole ne a ɗauke shi, a kwantar da shi a kan katako ko ƙyaure. Kada a cire masa hular kwano sai idan ta hana shi numfashi, kada a ɗura masa ruwa, a danne wurin da ke zubar da jini da tsumma mai tsabta. Karayar cinya, ko wadda ƙashi ya huda fata, ta asibiti ce ba ta mai ɗori ba, kuma akwai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano domin irin wannan. Wanda ya bugu a ka, ko da ya miƙe yana cewa lafiyarsa ƙalau, a kai shi likita ya duba, musamman idan ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko maganarsa ta rikice, domin jini yana iya taruwa a cikin kai sa'o'i bayan faɗuwar.