Zan iya sayen filaye da kuɗin gidaje na gwamnati?

Wani ɗan kasuwa mai sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari ya aiko da wannan tambaya: "Malam, na ji ana cewa gwamnatin tarayya tana ba da tallafin mallakar gida. Ni kuwa ina zaune a gidan gado, ba gida ne ya dame ni ba. Wani dillali ya nuna mini filaye uku a bayan gari, awon igiya, kowanne naira dubu 900. Ina so in nemi tallafin in saye su in ajiye, idan gari ya iso wurin in sayar. Akwai wanda ya ce zai shige mini gaba, amma sai na ba shi kuɗin fom. Me ka gani?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Bari in fara da kalmar da ta ruɗe ka, wato "tallafi". Abin da gwamnatin tarayya take da shi tsayayye a kan gidaje bashi ne, ba kyauta ba. Sunansa Asusun Gidaje na Ƙasa, NHF, an kafa shi da doka a 1992, kuma Bankin Bayar da Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, shi ke riƙe da shi. Tsarinsa ya yi kama da adashi: ma'aikaci yana zuba kashi 2.5 cikin ɗari na albashinsa duk wata, mai sana'ar kansa irinka ma yana iya yin rajista ya riƙa zubawa. Sai ka yi aƙalla wata 6 kana zubi kafin ka cancanci neman rance. Ruwan da ke kansa kashi 6 cikin ɗari ne a shekara, biya kuma yana iya kaiwa shekara 30, gwargwadon shekarunka.

Ba zan ɓoye maka ba, a lissafin kasuwa wannan kuɗi mai sauƙi ne ƙwarai. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 cikin ɗari, bankunan kasuwanci kuma ba sa kallonka da ruwan da bai kai ashirin da wani abu ba. Wanda ya karɓi miliyan 5 a kan kashi 6 zuwa shekara 20, abin da zai riƙa biya a wata bai kai naira dubu 36 ba. Don haka na fahimci abin da ya sa idonka ya kai wurin. Ɗan kasuwa ne kai, ka hango kuɗi mai arha da kaya mai arha, ka ce bari a haɗa su aure.

Auren ne ba zai ɗauru ba. An ware rancen don abu uku: sayen gida, gina gida, ko gyara gida, kuma gidan da kai za ka zauna. Fili tsurarsa ba ya ciki. Kuma ba a miƙo maka kuɗin a hannu ka tafi. Yawanci ta wani bankin jinginar gidaje mai lasisi ake bi, shi zai karɓi takardunka ya tura. Idan gida za ka saya, mai gidan ake biya. Idan gini ne, sai ka riga ka mallaki filin, ka kawo takardar mallakarsa ta gwamnati, da zanen ginin da hukumar tsara birane ta amince da shi, da ƙiyasin kayan aiki, da shaidar biyan haraji. Sannan a riƙa sakin kuɗin kashi-kashi, ana zuwa ana duba inda aiki ya kai. Ka ga ke nan filin da kake so a saya maka, shi ne ma sharaɗin da ake so ka zo da shi.

Na san akwai masu cewa ai ana yi, a haɗa takardun gini na bogi a karɓi kuɗin a karkatar. Wannan sunansa zamba, kuma sa hannunka ne a kan takardar, ba na wanda ya ba ka shawarar ba. Shi kuwa mai shige maka gaba da kuɗin fom, ka tambaye shi abu ɗaya: a asusun wa za a zuba kuɗin? Idan ya ba ka lambar asusun wani mutum, ka yi masa sallama. FMBN yana da ofisoshi a jihohi, ƙafarka za ta kai ka, tambaya kuma kyauta ce.

Akwai maganar riba kuma. Kashi 6 ɗin nan ruwa ne, komai ƙanƙantarsa, wannan kuwa hukunci ne da za ka kai wa malaminka, ba ni ba. Bankunan da ba sa ta'ammali da ruwa, irin su Jaiz da TAJ, suna da hanyoyin sayen kadara ta murabaha (banki ya saya ya sayar maka da riba) ko ijara (haya), sai dai ribar da suke ɗorawa ta kasuwa ce, ba za ta yi sauƙin ta asusun gwamnati ba.

Yanzu ga inda na fi so mu zauna, filayen nan uku. Ko da kuɗin aljihunka za ka saya, banza ba ta kai zomo kasuwa. Fili ba ya arha sai da dalili, aikinka shi ne ka gano dalilin kafin ka ba da kafin alƙalami. Wani dalilin mai kyau ne: wurin ya yi nisa, ba hanya, ba wuta, ko mai shi buƙata ta taso masa. Wannan haƙuri ne maganinsa. Wani dalilin kuwa ba ya warkewa. Gonar gado ce da ɗaya daga cikin magada ya yanka ya sayar ba da sanin 'yan'uwansa ba, sai ka fara zuba bulo ka ga sammaci. Ko kwari ne da ake nuna maka da rani, ƙasa a bushe tana walƙiya, a watan Agusta kuwa sai kwalekwale. Ko an sayar wa mutum biyu kafin kai. Ko yana ƙarƙashin babban layin wutar lantarki, ko a kan hanyar da aka riga aka shata wa titi, bututun gas ko layin dogo.

Wannan na ƙarshen shi ya fi cin masu saye su ajiye, kuma mutane da yawa ba su san dalili ba. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna. Abin da kake saya haƙƙin zama ne, takardar C of O ma, wato shaidar mallaka ta gwamnati, yawanci shekara 99 take ɗauka. Gwamna yana da ikon soke wannan haƙƙi idan za a yi aikin jama'a, diyyar da doka ta tanada kuma ta abin da ka ɗora a kan ƙasar ce: gini, katanga, rijiya, itatuwa, amfanin gona. Wanda ya bar fili fayau, ba ko bulo ɗaya, shi ne wanda ya fi kowa tashi a tutar babu ranar da katafila ta zo. Ƙari a kan haka, filin da gwamnati ta bayar yakan zo da wa'adin gini, wanda ya ƙi ginawa ana iya karɓewa.

Awon igiya ba haramun ba ne, unguwannin Kano da yawa da haka suka tashi. Amma ka san abin da kake riƙe da shi: takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa ko dagaci da shaidu. Tana da amfani a gaban alƙali, ba ta isa jingina a banki ba. Ranar da ka tashi neman rancen gini na gaskiya, wannan takarda ba za ta shigar da kai ba sai ka bi ta hukumar filaye ka mayar da ita ta gwamnati, da kuɗin safiyo da na rajista da zirga-zirgar da ke ciki. Ka sa wannan a cikin farashi tun yanzu, dubu 900 ɗin nan ba ita ce ƙarshen lissafi ba.

Sai tambayar da dillali ba zai yi maka ba: miliyan 2 da dubu 700 ɗin nan, da la'ada a kai, idan ka bar ta a shago, sau nawa za ta juya a shekara? Kai ka fi ni sani. Atamfa tana fita da azumi, ta fita da babbar salla, ta fita lokacin bukukuwa. Fili ba ya kawo ko sisi sai ranar da aka sayar, ranar kuma da kake cikin matsi ita ce ranar da masu saye suke taya shi da wulaƙanci. Ban ce fili ba ya riba ba. Waɗanda suka sayi gonaki a gefen Kano shekaru ashirin da suka wuce, da yawansu sun dara. Amma da rarar kuɗi suka saya, kuɗin da ba sa jiran sa. Uwar kuɗi ba a binne ta a ƙasa, balle kuɗin bashi mai biyan wata-wata.

Da ni ne kai, ɗaya zan saya, ba uku ba, daga ribar bana. Kafin in biya, zan ɗauki safiyo na kaina, ba wanda dillali ya kawo ba, ya ɗauko lambobin wurin, in kai KANGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filaye ta jihar Kano, a duba ko akwai sunan wani a kai, ko gwamnati ta ware shi don wani aiki, in kuma leƙa KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a kan tsarin unguwar. Zan koma wurin ni kaɗai bayan an yi ruwa mai ƙarfi, in zauna da maƙwabtan gonar in ji tarihinta. Idan ta gado ce, duk magada su sa hannu, har matan, lauya ya rubuta. Da an sallama, ko katanga mai layi huɗu ce in zagaye, in dasa darbejiya.

Rajistar NHF kuwa, idan malaminka ya ba ka fatawar da ta kwanta maka, ka yi ta daban, ka riƙa zubi. Gidan gado na magada ne, wata rana za a raba. A lokacin kana da fili mai takarda da tarihin zubi, sai ka nemi rancen a kan abin da aka yi shi dominsa. Sauran filayen biyu, ka ce wa dillali ya nemi wani.