Haɗa tsohon kabad mai sassaƙa da kujerun zamani a falo ɗaya

'Yar'uwa, tambayarki ita ce ko tsohon kabad mai sassaƙa da teburin katako za su dace da kujerun zamani marasa ado. Za su dace sosai, ba sai kin rabu da komai ba. Sharaɗin kawai salo ɗaya ya rinjaya, wajen kashi 70 zuwa 80 na kayan falon, ɗayan ya zama ƙari. In aka raba rabi da rabi, ido ba ya samun wurin tsayawa, sai falon ya koma kamar shagon sayar da kujeru. Ki ba kabad ɗin bango nasa shi kaɗai, mai fenti launi ɗaya, kada ki jera masa wani abin ado a gefe.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne launin katako. Ki duba shi da rana kusa da taga, don hasken ƙwan lantarki yana ruɗin ido. Wani katakon ja-ja ne, wani ruwan zuma, wani kuma toka-toka, kuma ja-ja ba ya shiri da toka-toka in suna manne da juna. Launin kabad ɗin ki maimaita shi aƙalla wuri biyu, misali firam ɗin madubi da ƙafar fitila, sannan ki shimfiɗa kafet mara zane ƙarƙashin teburin. Ki auna tsayi ma: teburin tsakiya ya yi daidai da mazaunin kujera ko ya gaza shi da santimita 5, tazararsu kuma santimita 40 zuwa 45. In tsohon teburin ya fi haka tsayi, mayar da shi jikin bango.