Kurangar hawainiya ta haɗin gida

Ɗan'uwa, ka tambaya ko za ka iya haɗa wa hawainiyarka kurangar hawa da hannunka maimakon sayen ta roba. Ƙwarai za ka iya. Ka samu wayar alminiyam mai lanƙwasuwa, ka naɗe ta da igiyar rama har ƙarfen ya ɓace, ka murɗe bakinta biyu ciki don kada su soki hawainiyar. Sai ka shafe igiyar da silikon, wato ɗankon liƙi mai zama kamar roba in ya bushe, tun yana ɗanye ka mirgina ta cikin busasshen garin ɓawon kwakwa, kana dannawa da hannu. Kaurin ya zama wanda ƙafarta za ta kusa zagayewa, domin hawainiya damƙe reshe take yi, in ya yi mata kauri sai ta riƙa zamewa.

Amma ina roƙonka ka kula da silikon ɗin, nan ne duk haɗarin yake. Ka nemi tsantsa, irin wanda ake liƙa gilashin gidan kifi da shi. Na banɗaki da kicin galibi an zuba masa maganin fumfuna, ita kuwa hawainiya ba ta cika shan ruwa a kwano ba, ɗigon da ke kan ganye da reshe take lasa, wato duk abin da ke jikin kurangar zai bi ruwan ya shiga cikinta. Ni nakan rataye tawa a inuwa mai iska kamar mako guda, sai warin tsamin nan mai hawa hanci ya tafi gaba ɗaya kafin in wanke ta in sa a keji.