Wane inji ne ke tsallake ƙusa da gwangwani?

Na ga saƙonka, wai ka gaji da haƙan banza, kana so in zaɓa maka injin neman zinari da zai riƙa tsallake ƙusa da gwangwani ya yi kuka a kan zinari kaɗai. Toh ƙanina, wallahi da akwai irin wannan injin da tuni ni da kai mun daina kwana a daji.

Inji bai san zinari ba, ƙarfe kawai yake ji. Iyakar wayonsa ya ce maka wannan baƙin ƙarfe ne mai kama maganaɗisu, wancan kuma ba shi ba ne. Dalma, alminiyon, kwanson harsashi, har takardar nan mai ƙyalli ta cikin kwalin sigari, duk kukan zinari suke yi, dole ka haƙa ka gani da idonka.

Injinan aikinmu kashi biyu ne. Akwai kashin da ake kira VLF, irin su Gold Monster 1000 na Minelab da Garrett AT Gold da Fisher Gold Bug 2, su ne suka iya tace ƙarfe, wato ware baƙin ƙarfe su yi shiru a kansa, kuma suna jin ƙananan zinari sosai, sai dai ba sa nisa a ƙasa, in ka shiga jar ƙasa mai marmara ko baƙin yashi sai su yi ta surutu. Sai kashin da ake kira PI, wato su GPX 4500 da 5000, su kam suna nutsawa ƙasa sosai kuma ƙasa mai zafi, wato irin waccan mai sa inji surutu, ba ta cika damunsu ba, amma tace ƙarfensu ɗan kaɗan ne, shi ma sai faifan da kake goga ƙasa da shi ya zama irin wanda ake kira DD, da irin wanda ake kira mono ba ya aiki, kuma sai abin yana kusa da sama. GPZ 7000 ma da ya fi su tsada ba shi da wannan tacewar kwata-kwata, ka ga kenan ba kuɗi ke sayenta ba.

Abin da nake so ka riƙe shi ne tacewar nan tana cin zinari. Lokacin haƙar zinarin Jado, can arewacin Nijar, a 2014, farkon zuwanmu fili fes yake, duk kukan da ka ji ka haƙa da murna, amma kafin wasu watanni ko'ina gwangwanin kifi ne da waya da ɓarɓashin bakin diga. Na gaji irin gajiyarka na kunna tace ƙarfe na yi ta wucewa abina, wani mutumin Cadi yana bayana da inji irin nawa sak, shi ya bar nasa a buɗe yana jin komai, a kan sawuna ya durƙusa ya ciro ɗan zinari kamar ƙwayar wake. Ranar ko shayi ban iya sha ba. Dalili kuwa, ƙaramin zinari in yana da zurfi cikin ƙasa mai zafi, ƙasar ce ke rinjayar sautinsa sai injin ya ɗauka baƙin ƙarfe ne ya yi shiru.

Don haka in wajen da kake aiki tsohon sansani ne mai shara kuma zinarin ƙanana ne a sama-sama, ɗauki Gold Monster, ga sauƙin koyo. Ka yi yawo da shi a buɗe, in ya yi kuka ka ɗan share ƙasar sama da takalmi ka sake gogawa, sannan ka duba alamar fuskarsa ko ɓangaren ƙarfe ta karkata. In ta tsaya can daram kuma kukan mai ƙarfi ne, wuce. In tana rawa, haƙa. In kuwa zinarin wajenku mai zurfi ne, ka haƙura ka tara kuɗin GPX ka yarda da haƙa.

Ranar saye kar ka yarda da gwajin da mai shago zai yi maka a iska da zobe, kowane inji gwani ne a iska. Tafi da ƙusa mai tsatsa da ɗan ƙaramin zinari da ƙasar wajen aikinku a buhu, ka binne su ka gwada, ka kuma binne su gab da juna ka ji ko zai iya raba su. Jabun GPX sun cika kasuwa, kwali da fenti duk iri ɗaya, in ka ji araha ta yi yawa ka kama kanka, ka sa a tantance lambar jikinsa kafin ka ba da kuɗi.

Sannan ka nemi maganaɗisu mai ƙarfi, ko na tsohuwar sifika ne, ka manna a ƙeyar digarka, rabin ƙusoshin nan shi zai kwashe maka su. In ka shigo ranar Juma'a ka zo da digar in nuna maka inda ake ɗaura shi.