Manhajata lafiya lau take a gabana, in na tafi sai ta ƙi: tambayoyin masu karatu

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, da fatan an yini lafiya. Ni matashi ne na koyi Python, yaren da ake haɗa manhaja da shi, na haɗa wa wani Alhaji manhajar lissafin ciniki a shagonsa na kayan masarufi a kasuwar Singa. Kwamfuta biyu ce, yara biyu ke shigar da ciniki. Matsalar wani lokacin in sun danna ajiye sai cinikin ya ƙi shiga, da yamma lissafi ya ƙi daidaita, Alhaji ya kira ni yana faɗa in hau adaidaita tun daga Ɗorayi, ina zuwa kuma komai lafiya, in gwada in sake gwadawa ba matsala. Wallahi har ya fara zargin yaran da taɓa kuɗi. Don Allah ya zan yi?
Mai karatu daga Ɗorayi

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai ka je ka roƙi Alhaji ya dakata da zargin yaran nan, don zargin sata ba ƙaramin abu ba ne ga yaro mai neman na kansa, kuma daga yadda ka ba da labarin nan ni dai manhajar na fi tuhuma.

Abin da ya kamata ka yi shi ne ka sa manhajar ta riƙa rubuta log, wato fayil ɗin da za ta dinga rubuta abin da ta yi layi bayan layi tare da lokacin da ta yi shi. Ka ga yadda ake yi a asibiti, nas ɗin dare tana rubuta zafin jiki da hawan jinin mara lafiya a fayil ɗinsa da ƙarfe nawa aka auna, likitan da ya shigo da safe bai kwana a wurin ba amma yana buɗewa ya san abin da ya faru ƙarfe uku na dare. To kai ma ba ka shagon lokacin da abin ke lalacewa, kuma yaron da ke kan kwamfuta ga kwastoma biyar a tsaye ga mai kura yana jiran a ɗora masa katan, ba zai tsaya karanta saƙon da ya fito ba, OK kawai zai danna ya wuce. In ka tambaye shi sai ya ce ma "wani abu ne ya fito da turanci". Ba laifinsa ba ne.

Python tana zuwa da kayan aikin nan, sunansa logging, ba sai ka sauko da komai ba. Kar ka dogara da print, don ana rufe manhajar ko a ɗauke wuta duk abin da ya nuna ya tafi kenan. Logging tana da matakai biyar daga mafi sauƙi zuwa mafi tsanani, DEBUG, INFO, WARNING, ERROR da CRITICAL, kuma ka lura in ba ka saita ba daga WARNING take farawa, shi ya sa da yawa za su ce sun sa log amma ba sa ganin komai. Ka saita ta a INFO, ka ba ta sunan fayil. Duk cinikin da aka fara a rubuta, duk wanda ya shiga a rubuta, duk wanda ya ƙi a rubuta da dalili. Ga irin layin da nake nufi:

14:32:07 ERROR ciniki-4821 kwamfuta-2 an kasa ajiyewa: database is locked

Dubi abin da layi ɗaya tal ya ba ka. Lokaci, lambar cinikin, wace kwamfuta ce, da ainihin abin da ya hana. Da wannan kana iya ɗaukar rasit ɗin ka nuna wa Alhaji cewa ga cinikin nan yaro ya shigar, manhaja ce ba ta karɓa ba. Kuma da gangan na kawo wannan misalin, don in SQLite kake amfani da ita a matsayin rumbun ajiye bayanai kuma kwamfuta biyu na rubutu cikin fayil ɗaya, to ita mutum ɗaya take bari ya yi rubutu a lokaci guda, na biyun sai ya jira, in jiran ya wuce ƙa'ida ta fitar da wannan saƙon na database is locked, wato rumbun bayanai a kulle yake. Kai kuma in ka je gwaji kai kaɗai ne ke dannawa, babu wanda kuke karo da shi, shi ya sa ba ka taɓa gani. Ban ce lallai shi ne ba fa, log ɗin ne zai tabbatar.

Sai ka koma cikin kod ɗinka ka nemo duk inda ka rubuta except, wato wurin kama kuskure, sannan ka bi shi da pass. Wannan ɗabi'ar ina baƙin ciki da ita sosai, don ma'anarta ka ce wa manhaja in an samu kuskure ki haɗiye ki yi shiru. Ka cire pass ɗin ka sa logging.exception, ita za ta rubuta ma kuskuren da fayil da lambar layin da abin ya faru.

Abu biyu kuma a taƙaice. Ka duba agogon kwamfutocin, irin na hannun nan da muke saye sau da yawa batirin CMOS ɗinsu, wato ƙaramin batirin da ke riƙe agogo, ya mutu, ana kashewa kwanan wata ya rikice, log mai lokacin ƙarya kuma wahalar da kai zai yi. Sannan ka yi amfani da RotatingFileHandler don fayil ɗin kar ya yi ta girma har ya cika kwamfutar Alhaji. Ranar da aka sake kiranka, ka ce a turo ma fayil ɗin ta WhatsApp tukuna kafin ka biya kuɗin adaidaita.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ni ɗaliba ce a BUK, ina gina manhajar biyan kuɗin makarantar Islamiyya a matsayin aikin kammala karatu. Tunda log na taimakawa, ba gara in rubuta duk abin da mutum ya shigar ba?
Mai karatu daga Gwammaja

AMSA: Lafiya lau 'yar'uwa, Allah ya ba da sa'a. A'a, kar ki yi haka. Kalmar sirri, PIN, cikakkiyar lambar katin ATM, BVN, NIN, babu ɗaya da ya kamata ya shiga log. Dalili kuwa log fayil ne a buɗe da ake kwafa ana tura wa wannan da wancan don neman gyara, yanzun nan ma na ce wa ɗan'uwanki a turo masa ta WhatsApp. Manyan kamfanoni ma sun faɗa wannan ramin. A watan Mayu na 2018 Twitter ta nemi masu amfani da ita, kimanin miliyan 330 a lokacin, su canja kalmar sirri saboda wani kuskure ya sa ana rubuta su a fili cikin wani log na cikin gida. A nan gida kuma tun 2023 muna da dokar kare bayanan mutane, kuma bayanan iyayen yaran Islamiyya ma amana ce a hannunki.

Abin da za ki yi, ki ba kowane biyan kuɗi lambarsa ta daban, irin yadda taransfa ɗin banki ke zuwa da session ID wanda in kuɗi suka maƙale shi banki ke fara tambaya. Lambar nan za ki rubuta a log daga farkon biyan har ƙarshensa, in kina son sanin na waye sai ki duba rumbun bayananki. In dole sai lambar waya ta fito, ki bar guda huɗu na ƙarshe kawai.

TAMBAYA: Ni ba na haɗa manhaja, shagon buga takardu gare ni a Zoo Road. Kwamfutata na mutuwa da kanta tana sake tashi. Akwai inda zan duba?
Mai karatu daga Zoo Road

AMSA: Akwai, Yallaɓai. Windows tana rubuta nata log ɗin ko ba ka sa ta ba. Ka danna Start ka rubuta Event Viewer, ka shiga Windows Logs sannan System, ka nemi masu jan alama a daidai lokacin da ta mutu. In ka ga Kernel-Power mai lamba 41, tana gaya ma ne cewa ta mutu ba ta hanyar kashewa yadda aka saba ba, amma wannan kaɗai bai faɗi dalili ba. Sai ka riƙa lura ko lokacin ya yi daidai da sauyawa daga wuta zuwa janareta, ko lokacin da babbar firinta ta tashi, ko kuma tsakar rana ce da zafi ya yi yawa fanka ta cika da ƙura. Ka ɗauki hoton layukan da suka zo kafin lamba 41 ɗin ka tafi da su wurin mai gyara, kuma kar ka yarda a yi mata fomat kafin a duba su, don fomat zai goge log ɗin gaba ɗaya.