Amsa ga mai neman tallafin aikin dashen itatuwa da kare dausayi

Assalamu alaikum, ɗan'uwa. Ka ce ƙungiyarku da ke yankin Hadeja tana son kafa gandun renon itatuwa da buɗe hanyoyin ruwan da ciyawar kachala ta toshe, kuma ka tambayi yadda za ku kai ga asusun sauyin yanayi na duniya. Na daɗe ina rubuta wa ƙungiyoyin ƙauye takardun neman tallafi, kuma shawarata ita ce ku ɗauke ido daga wannan babban asusun tukuna. Wannan asusun, wato GCF, wanda aka amince da kafa shi a 2010, ba ya ba ƙaramar ƙungiya kuɗi hannu da hannu, sai ta hannun manyan hukumomin da ya tantance tare da amincewar gwamnatin ƙasa.

Ƙofar da ta dace da ku ita ce shirin ƙananan tallafi na GEF, wato asusun kula da muhalli na duniya, shirin da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya (UNDP) ke gudanarwa tun 1992, kuma domin ƙungiyoyin al'umma irin taku aka yi shi. Shekaru da dama a baya iyakar abin da yake bayarwa ta kasance dala 50,000, kuma kwamiti na cikin gida ne ke zaɓen ayyuka, mutanen da ba sai an yi musu dogon bayanin dausayin Hadeja da Nguru ba. Wannan dama ce gare ku, domin tafkin Nguru da mashigar Marma suna cikin wuraren yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi a duniya tun 2000, ga tsuntsayen da ke ƙaura daga Turai suna sauka a can lokacin sanyi. Idan akwai wani nau'in tsuntsu ko dabba da ke fuskantar ɓacewa da kuke son karewa, asusun Muhammad bin Zayid na Abu Dhabi yana bayar da har dala 25,000. Ku kuma leƙa ofishin ACReSAL na jiharku, shirin farfaɗo da ƙasa da inganta noma a arewacin Najeriya da Bankin Duniya ya ware wa dala miliyan 700.

Amma abin da na ga ya fi kayar da ƙungiyoyi ba rashin sanin masu bayarwa ba ne, rashin shiri ne. Kafin ku rubuta komai, ku tabbata kuna da rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, da takardar SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram, da asusun banki da sunan ƙungiya wanda mutum ɗaya ba zai iya cire kuɗi daga cikinsa shi kaɗai ba, da littafin shiga da fitar kuɗi, ko da abin da kuka juya bara bai taka kara ya karya ba. Mai bayarwa yana son ganin gudummawarku ku ma, kuma filin da dagaci ya bayar a rubuce da kwanakin aikin gayya duk ana ƙiyasta su da kuɗi a sa su cikin kasafi.

Batun itatuwa kuwa, ina roƙonku kada ku gina takardarku a kan yawan dashen da za ku yi. Masu tantancewa sun gaji da alƙawarin dubban itatuwa da rani ɗaya da awaki ke cinyewa. Ku faɗi wanda zai yi ban-ruwa daga Maris zuwa Mayu, da yadda za a yi shinge, da abin da kuka shirya da makiyaya tun kafin dashe, da yadda za ku ƙirga waɗanda suka rayu bayan shekara biyu. Manoman Maraɗi da Damagaram sun farfaɗo da miliyoyin kadada ta hanyar barin tohon gawo da sauran itatuwa ya girma a gonakinsu suna rage masa rassa, kuma sanya wannan dabarar a aikinku zai rage kasafin sosai. Haka ma kachala, ku nuna masunta da manoman shinkafa nawa ne za su amfana idan ruwa ya koma hanyarsa, da wanda zai ci gaba da yankan ta bayan kuɗin ya ƙare.

Duk wanda ya nemi ku biya kuɗin fom ko kuɗin hanzarta takarda, ku rabu da shi, domin masu bayar da tallafin da na ambata ba sa karɓar ko kwabo daga mai nema. Idan kun gama daftarin farko mai shafi biyu ko uku, turo mini in duba kasafin kafin ku miƙa.